Zunubi, Gafara da Fansa

Da aka ba mu fili a wannan mujalla, sai muka ga ya kamata mu taɓa wata tambaya wadda kusan kowannenmu ya taɓa gamuwa da ita, ko a cikin motar Tsafe, ko a kasuwar Bunguɗu, ko a bakin abokan wasa a Sabon Garin Gusau. Akan ce mana, "Ku Kirista kun ce wani ya riga ya ɗauke muku zunubi. Ashe ke nan sai ku yi ta abin da kuka ga dama?" Sau da yawa mai tambayar ba da ƙeta yake yi ba, so yake ya sani. Ɗalibi kuwa yakan yi shiru, ko ya hasala, alhali tambayar tana da amsa.

Bari mu fara da zunubin kansa. Bahaushe ya bambanta kuskure da laifi. Wanda ya taka ƙafarka cikin duhu ya yi kuskure, wanda ya ɗauki akuyarka ya yi laifi. Kalmar zunubi kuwa, wadda muka aro daga Larabci, tana nufin laifin da aka yi wa Allah. Sarki Dauda ya ɗauki matar Uriya, ya kuma sa aka kashe mijin a wurin yaƙi. Amma da annabi Natan ya tone shi (2 Sama'ila 12), abin da ya fara furtawa shi ne Ubangiji ya saɓa wa. Yesu Almasihu ya kai maganar har cikin zuciya, gama a Matiyu 5 ya haɗa fushi da kisan kai, ya haɗa mugun kallo da zina. In da wannan mudu za a auna, wa zai cika? Manzo Bulus ya ce babu ko ɗaya (Romawa 3:23). Mu dai mun fi gane na wani, shi ya sa aka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Littafi Mai Tsarki yakan kwatanta zunubi da bashi, bashi kuwa hanji ne, yana cikin kowa. A Matiyu 18 Yesu ya ba da misalin wani bara da sarki ke binsa talanti 10,000. Mukan karanta wannan adadi mu wuce, amma 'yan ajin lissafi su gwada shi. Talanti ɗaya ya kai dinari 6,000, dinari ɗaya kuma shi ne ladan ɗan ƙodago na yini guda. Watau bashin ya kai dinari 60,000,000. In mutum yana aiki kwana 300 a shekara, bai ci ba, bai sha ba, sai ya yi shekara 200,000 kafin ya biya. Duk da haka baran ya durƙusa yana roƙon a yi masa haƙuri zai biya! Haka yake ga duk wanda ke tsammani zai tara aikin kirki har ya rinjayi zunubinsa. Alherin da ka yi yau dama hakkinka ne ka yi shi, ba ya rage bashin jiya.

To, yaya ake fita? A nan ne kalmar fansa ta shigo, mutanen ƙasarmu kuwa ba sa bukatar a fassara musu ita. A ƙarni na 19 mayaƙan Maraɗi da na Tsibiri sukan kawo hari cikin ƙasar Zamfara da Katsina, na daular Sakkwato su ma su kai musu, kowane gefe yana kama mutane. In aka kama ɗan gida, dangi sukan tara wuri da tufafi da dabbobi su bi sawu su fanso shi kafin a sayar da shi nesa. Bawa kuma yana iya yin murgu, wato ya yi aikin kansa yana ba ubangijinsa wani abu, in ya tara kuɗi ya fanshi kansa. Turawa sun yi doka cewa duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne, amma sai a 1936 aka soke bauta ɗungum a Arewa. A zamaninmu kuma kalmar ta dawo da ɗaci. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata daga makarantar sakandare ta Jangebe, aka sako 279 ranar 2 ga Maris. A ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu akwai gidajen da suka sayar da gona da shanun huɗa da hatsin rumbu domin su karɓo mutum ɗaya. Waɗansu daga cikin masu karanta wannan shafi sun san abin a gidajensu.

Wanda yake ɗaure a daji ba shi da abin biya. Sai wani daga waje ya zo da shi. A Markus 10:45 Yesu da bakinsa ya kira mutuwarsa fansa, manzo Bitrus kuma ya ce abin da aka biya jininsa ne, ba azurfa ko zinariya ba (1 Bitrus 1:18-19). Ga zunubi babu murgu, ba mai fansar kansa. Sai dai mu yi hankali da misalin, kada mu ja shi ya wuce inda ya tsaya. Waɗansu malaman ikilisiya na farko sun ɗauka Shaiɗan aka biya, amma wajen 1098 Anselm, babban bishop na Kantabari a Ingila, ya nuna cewa Shaiɗan ba ya bin kowa komi. Allah muka yi wa laifi, adalcinsa ne ba ya barin laifi haka nan, shi ne kuma cikin ƙaunarsa ya ɗauki nauyin biyan. Kakannin waɗansunmu Maguzawa ne, irin waɗanda suka zauna a gindin dutsen Kwatarkwashi, sun san yanka wa iskoki kaza ko akuya, bana a yi, baɗi a sake. Wasiƙar Ibraniyawa sura 10 ta ce jinin dabba ba ya kawar da zunubi, hadayar Almasihu kuwa sau ɗaya aka miƙa ta, ta isa.

Me ake nema daga wurin mutum ke nan? Tuba da bangaskiya. Tuba ita ce mutum ya kira zunubinsa da sunansa a gaban Allah, ba tare da kame-kame ba, ya juya masa baya. Bangaskiya kuma ita ce ya dogara ga abin da Almasihu ya yi ta wurin mutuwarsa da tashinsa. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu (Luka 23) hannuwansa a kafe suke, bai iya ba da sadaka ba, bai iya yin azumi ba. Ya amsa laifinsa, ya roƙi Yesu ya tuna da shi, aka kuwa yi masa alkawarin Firdausi a ranar. Afisawa 2:8-10 ta jera abin daidai: ceto kyauta ne, ayyukan kirki kuma suna biyo bayansa.

Gaskiya ne ikilisiyoyi sun sha gardama a kan wannan. A 1517 Martin Luta ya tashi a Jamus yana ƙin sayar da takardun sassaucin hukuncin zunubi, daga nan aka rabu. Har yanzu hanyoyinmu ba ɗaya ba ne. Ɗan Katolika, wanda limaman Dominikan suka ɗauki aikin ikilisiyarsa a Gusau cikin shekarun 1950, yakan je wurin fada ya furta zunubansa. Ɗan ECWA, ikilisiyar da ta fito daga aikin mishan na SIM a 1954, yakan shiga ajin baftisma sai ya shaida da bakinsa kafin a nutsar da shi a ruwa. Angalikan suna yi wa jarirai baftisma. Amma ranar 31 ga Oktoba 1999, a birnin Ogsbag, Katolika da Lutaran suka sa hannu a takarda cewa ta wurin alherin Allah kaɗai ake karɓar mai zunubi. Mu da muke kaɗan a wannan jiha, muna kuma cin tuwo a ɗakin abinci ɗaya, bai kamata mu ɓata dare muna musu a kan abin da manyanmu suka riga suka sasanta ba.

Yanzu sai tambayar da muka fara da ita. Bulus ya riga ya ji ta, ya kuma amsa ta a Romawa 6. A ce iyaye sun sayar da gonarsu sun karɓo ɗansu daga daji, sa'an nan bayan mako ɗaya ya koma wurin masu garkuwar da ƙafarsa, yana cewa ai akwai mai biya. Me za a ce da shi? Ko dai ya zautu, ko kuwa dama nasu ne. Wanda ya san abin da aka kashe dominsa ba ya wasa da zunubi. Dubi Zakka mai karɓar haraji a Luka 19. Ba wanda ya tilasta shi, amma da Yesu ya shiga gidansa sai ya ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma yi alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta riɓi huɗu. A nan makaranta ma haka ne. Wanda ya fasa akwatin ɗan'uwansa ya kwashe masa garin kwaki da sukari, ba ya isa ya rufe ido a sujadar safe ya ce an gafarta masa. Sai ya mayar, ya kuma nemi gafarar mai kayan, kamar yadda Matiyu 5:23-24 ta umarta. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna koyar da cewa hakkin ɗan Adam sai mai shi ya yafe, a nan kam ba mu da jayayya da su. Gafarar Allah kuma ba ta hana horo. Ɗalibin da aka kama da satar amsa ya tuba, lalle Allah ya karɓe shi, amma zai ɗauki laujensa ya yanki ciyawa.

Saura abu mafi wuya. Baran nan da aka yafe wa talanti 10,000, yana fita ya shaƙe abokinsa saboda dinari 100, ladan wata uku da 'yan kwanaki, sarki kuwa ya sa aka kamo shi. A harshenmu kalma ɗaya ce take aiki biyu, akwai biyan fansa, akwai ɗaukar fansa. Wanda aka biya masa ta farko an hana shi ta biyu (Romawa 12:19). Ba mu faɗi wannan da sauƙi ba, gama a cikinmu akwai waɗanda aka kashe musu uba a gona, akwai waɗanda aka kore su daga ƙauyensu. Yafewa ba ta nufin a ce abin da aka yi ba komi ba ne, ba ta kuma hana a kai ƙara. Romawa 13 ta ba hukuma takobi domin ta hukunta mugu, muna kuwa da ikon neman ta yi aikinta. Abin da aka karɓe daga hannun mai bi shi ne ramuwa, da kuma ƙin wata kabila ɗungum saboda laifin waɗansu 'ya'yanta. Ga wanda zuciyarsa ba ta kai nan ba tukuna, kada a matsa masa da wa'azi. Malamai da fastoci da iyayenmu na zumuntar mata su zauna da shi, su saurare shi, su yi addu'a tare da shi, ko da abin zai ɗauki shekaru.