Yadda Ake Tace Maganin Ciwon Sukari

A wurin masu haɗa magunguna, samo sinadari somin-taɓi ne. Babban aikin shi ne raba tsaba da ƙaiƙayi, tarihin insulin kuwa, watau allurar masu ciwon sukari, ya isa shaida.

Cikin 1921 ne Frederick Banting da Charles Best suka tatso wannan sinadari daga wata gaɓa da ke bayan tumbin dabba, a birnin Toronto na ƙasar Kanada. Ran 11 ga Janairu, 1922, aka yi wa wani yaro mai suna Leonard Thompson, allurarsa. Amma da yake ruwan bai tsarkaka ba, sai ƙurji ya fito masa, sauƙin kuma bai taka kara ya karya ba. Nan fa abokin aikinsu, James Collip, ya duƙufa yana tace ruwan da alkohol. Ran 23 ga watan aka sake allurar, sai sukarin jinin yaron ya sauka.

Cikin 1982 aka fara sayar da insulin irin na ɗan Adam, wanda ƙwayoyin bakteriya ke yi cikin manyan tankuna. Duk da haka wahalar tacewa tana nan. Sai an farfasa ƙwayoyin, an wujijjiga su cikin na'ura, sa'an nan a bi da ruwan ta bututaye masu riƙe maganin su saki dauɗar. Dalili kuwa, abin da mutum zai tsira wa jikinsa kullum, gurɓata kaɗan ta isa ta mai da shi cuta.