Sabis, Caji da Data: Ƙananan Abubuwan da ke Ɓata wa 'Yan Gem Rai a Zariya

Duk wanda ya ratsa layukan Muciya da yamma, ko ya leƙa shagunan cajin waya na Samaru daura da Jami'ar Ahmadu Bello, zai tarar da matasa sun duƙar da kai, kowa ya kwantar da waya a hannu biyu. Wasu Free Fire suke bugawa, wasu PUBG Mobile ko Call of Duty Mobile, masu son ƙwallo kuma suna kan eFootball. Abokin karawa yana iya zama a Hanwa, yana kuma iya zama a Alƙahira ko Istanbul. Kalmar da ta fi fitowa daga bakinsu guda ce: "Wallahi sabis ne ya kashe ni!"

Sau da yawa gaskiya suka faɗa. A wasannin da ake bugawa ta intanet, duk abin da ɗan wasa ya danna sai ya tafi wata babbar kwamfuta ta kamfanin, wadda ake kira saba, ita ce za ta yanke hukunci ta dawo da amsa. Lokacin zuwa da dawowar shi ne ƙaramar lambar nan da ke kusurwar allo, wadda 'yan gem ke kira ping, ana auna ta da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Idan tana ƙasa da 50, wasa na tafiya sumul. Da ta haura 150 sai mutum ya ga ya riga abokin gaba harbi amma shi ne a ƙasa, ko ya ba da fasin ƙwallo ta tashi bayan an riga an tare hanya.

Nisa ne tushen matsalar. Idan sabar tana Turai, saƙon da ya bar waya a Sabon Gari zai hau turken sabis, ya bi wayar gilashi zuwa Legas, inda manyan wayoyin ƙarƙashin teku suke sauka. Wayar MainOne, wadda ta fara aiki a 2010, tana da tsawon kimanin kilomita 7,000 daga Legas zuwa Fotugal. Haske kuwa yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin irin wannan waya. Ke nan zuwa da dawowa ta tekun kaɗai ya cinye kusan maki 70 na ping, kafin a lissafa tafiyar Zariya zuwa Legas da cunkoson turke da magariba. Yaron da ke Jamus kusa da sabar yana wasa da maki 20. Babu tsadar waya da za ta goge wannan tazara. An ga yadda abin yake ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyi huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, intanet ya yi ta jan ƙafa kwana da kwanaki.

Sai wuta. PUBG Mobile yana zuba mutum 100 a fili ɗaya, zagaye guda kan kai rabin awa, kuma yana zuƙe batir yana dafa waya. A zafin Maris da Afrilu, wayar da kanta take rage ƙarfin aikinta don kada ta lalace, sai hoto ya fara cijewa ko da sabis na da kyau. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa Free Fire na kamfanin Garena, wanda ya fito a 2017, ya samu karɓuwa a wurin masu ƙananan wayoyi: mutum 50 ne, zagaye kusan minti 10 ne, bai kuma cika nauyi ba. A watan Oktoban 2024, da yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako a cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan lantarki, masu shagon caji da janareto ko sola su ne suka riƙe wayoyin unguwa.

Data ita ma da nata. Buga wasan kansa ba ya cin data sosai, sabuntawa ce ke lashe ta. Mutum ya yi alkawari da abokansa ƙarfe tara, ya buɗe gem, sai a ce sai ya sauke ɗaruruwan megabait kafin a bar shi ya shiga. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, irin wannan sanarwa ta ƙara zafi. Shi ya sa masu dabara ke jiran data mai rahusa ta tsakar dare.

Akwai kuma ɓacin ran da mutane ke jawo wa juna: wanda zai fice ana tsaka da wasa ya bar 'yan ƙungiyarsa su uku suna karawa da mutum huɗu, da mai buɗe makirfo a tsakiyar hayaniyar kasuwa, da mai zagin iyaye don an kayar da shi, da mai amfani da manhajar maguɗi yana hango mutane ta bayan bango.

Abin lura shi ne, gyare-gyaren da suka fi amfanar 'yan wasa ba su da girma ko kaɗan. A Fabrairun 2019 wasan Apex Legends ya zo da tsarin da mutum zai danna maɓalli ɗaya ya nuna wa abokansa inda maƙiyi ko makami yake ba tare da ya yi magana ba. Nan da nan wasan Fortnite ya ɗauka, wasu suka biyo baya. Ga Bazazzagen da aka haɗa da Balarabe da Baturke a ƙungiya ɗaya, wannan maɓalli ya zame masa tafinta. Haka damar komawa cikin wasa idan sabis ya yanke na ɗan lokaci, da maɓallin toshe muryar mai zagi, da zaɓin sauke taswirar da mutum yake so kaɗai maimakon duka. PUBG Mobile yana rufe akawun ɗin mai maguɗi har na shekara 10. Kamfanoni sun kuma fara matso da sabobi: wasan Valorant ya buɗe tasa a Cape Town a 2024, abin da ke nuna an fara lissafi da 'yan wasan Afirka.

Wani ɓangaren gyaran yana hannun ɗan wasa. Rage kyawun hoto a saiti yana sanyaya waya ya kuma daidaita motsi. Cire waya daga kwanso da daina wasa a kan caji suna tsawaita ran batir. Rufe manhajojin da ke aiki a bayan fage, musamman masu sauke bidiyo da kansu, yana kwantar da ping. Kafin a shiga wasan da ake lissafa matsayi, ya kamata a gwada sabis a zagayen da babu asara, a kuma duba wace saba ce ta fi ba da ƙaramar lamba, domin layin da ke gudu a Samaru yana iya rarrafe a Muciya. Masu sayen lu'ulu'u ko UC, wato kuɗin cikin gem, su kuma su tsaya ga shagunan da kamfanonin suka amince da su, kamar Midasbuy na PUBG Mobile, kada su miƙa lambar sirrinsu ga mai alkawarin kyauta a Facebook ko WhatsApp, domin ta nan ake yawan ƙwace akawun.

Sauran kuwa ya rage ga kamfanonin sadarwa da masu wasannin. Matasan Zariya suna sayen data suna kuma zuba kuɗi a cikin gem kamar kowa, saboda haka suna da haƙƙin neman a ƙara turaku a unguwannin da suka cika, a matso da sabobi Najeriya, a kuma rage nauyin sabuntawa. Duk waɗannan wasanni suna da wurin aika ƙorafi a cikin saiti, ya kamata 'yan gem su riƙa amfani da shi.