Tuƙin Jirgi Mai Inji Sa'ad da Ruwa Ya Harzuƙa

An shirya wannan bayani ne domin hakimai da malamansu na ƙasar Daura, su karanta, su kuma karanta wa dagatai da sarakunan ruwa da masu fito da ke ƙarƙashinsu.

Kowa ya san Daura ba ƙasar manyan koguna ba ce. Tarihinmu ma a bakin rijiya ya soma, watau Kusugu. Amma zamani ya kawo madatsun ruwa. An gama ta Kainji a shekarar 1968, ta Tiga a 1974, mu ma nan ga ta Sabke da ta Daberam. Inda dā ake ratsawa da ƙafa ko da jaki, yanzu a waɗansu wurare sai da kwalekwale. Ga shi kuma jiragen yanzu ana rataya musu inji a baya, suna gudun da filafili ko gora ba su taɓa yi ba. To, mutanen da ba su gaji ruwa ba sun sami jirgi mai gudu, wajibi ne su koyi sarrafa shi.

Abin ba wasa ba ne. A makon ƙaramar Sallah ta shekarar 2022 wani kwalekwale ya kife a ƙasar Mai'aduwa, aka rasa mutane fiye da goma, yawancinsu yara. Kafin wannan, ran 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgi da aka cika maƙil ya nutse a madatsar Watari ta jihar Kano, tsakanin Badau da Bagwai, aƙalla mutum 29 suka riga mu gidan gaskiya, akasarinsu 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Maulidi. Allah ya jiƙansu, ya sa abin ya zama izina ga na baya.

Yadda taguwa take tashi

Iska ce take tayar da taguwar ruwa. Girman taguwa kuwa ya danganta ga abu uku: ƙarfin iskar, da daɗewar da ta yi tana busawa, da faɗin ruwan da ta ratso. Saboda haka gaɓar da iska ta fito ta wajenta takan kasance lumui, gaɓar da iska ta dosa kuwa can ne ruwa yake hauka. A ƙasarmu hadarin damina daga gabas yakan taso, iska mai ƙarfi tana gabansa. Wanda ya tashi daga gaɓar gabas zai ga ruwa kwance, ya zaci lafiya, sai ya kai tsakiya sa'an nan ya gane kurensa.

Taguwar madatsa ba ta kai ta teku girma ba, amma gajeruwa ce, a tsaye take, wata na bin wata kusa da kusa. Kafin jirgi ya sauko daga ɗaya, ta biyu ta riga ta mare shi. Haɗarinta ke nan.

In taguwa ta fuskanto jirgi

Jirgi mai inji kamar ingarman doki yake, totur shi ne linzaminsa. In an sakar masa totur, sai ya ɗago ya riƙa sulɓi bisa fatar ruwa. Wannan yana da kyau in ruwa na kwance. In akwai taguwa kuwa, sai jirgi ya riƙa tsalle yana faɗowa da ƙarfi, katako ya tsage, ko wani ya wuntsila cikin ruwa. Abu na farko, sai matuƙi ya rage gudu. Amma kada ya rage har jirgi ya daina jin juyi, gama jirgin da ba ya tafiya ba ya tuƙuwa.

Kada a kara da taguwa goshi da goshi. A ɗan karkata, a hau ta a kaikaice, kimanin digiri 45, watau rabi tsakanin fuskantarta sosai da ba ta haƙarƙari. In mashigin da ake nufi yana daidai inda iska take fitowa, sai a tafi a karkace zuwa dama, a jima a komo hagu, kamar yadda mai kaya yake hawan tudu. Hannun matuƙi kada ya bar totur: ya ƙara kaɗan sa'ad da jirgi yake hawan taguwa, ya sassauta in ya kai bisa, domin jirgi ya sauka a hankali. In ya ji ƙarar inji ta tashi farat ɗaya, farfela ce ta fito daga ruwa, sai ya sassauta nan take.

Ana iya matso da ƙafar inji kusa da jikin jirgi, ana kuma iya tura ta baya. In an matso da ita, goshin jirgi yakan sunkuya ya yanki taguwa. In an tura ta baya, goshi yakan ɗaga. In ana fuskantar taguwa, matso da ita ya fi, amma kada a jibga kaya a gaba har ruwa ya riƙa tsallako goshi.

In taguwa ta biyo baya

Mutane da yawa suna tsammani in iska tana bayansu sun huta. Ba haka ba ne, nan ma ya fi wuya. In jirgi ya fi taguwa gudu, sai ya gangaro daga kanta ya cusa goshi cikin ta gaba, ta baya kuma ta ɗaga gindinsa ta murɗa shi, ya ba ruwa haƙarƙari, ya kife. Dabara ita ce matuƙi ya daidaita gudunsa da na taguwa, ya zauna a bayan guda ɗaya yana binta, kada ya tsallake ta. A nan sai a ɗan tura ƙafar inji baya domin goshi ya ɗaga. Kuma kada a kashe totur gaba ɗaya, domin ruwan da yake biye zai hau ta gindin jirgi, inda ya fi ko'ina gajarta saboda mazaunin inji.

Mafi muni duka shi ne taguwa ta bugi jirgi a haƙarƙari. In tilas ne a juya, sai matuƙi ya jira ya ga manyan sun wuce, sa'an nan ya juya da hanzari, ya gaya wa mutane tun da wuri kada su firgita.

Kaya da mutane

Gwanintar matuƙi ba ta amfana kome in an cika jirgi har bakinsa ya kusa shafar ruwa. Kaya masu nauyi a shimfiɗa su ƙasa, a tsakiya. Mutane su zauna ƙasa, rabi dama rabi hagu, kada kowa ya miƙe. Sau da yawa ba taguwa ce take kifar da jirgi ba, mutane ne sukan tsorata su ruga gefe guda.

Ruwan da ya shiga jirgi a kwashe shi tun yana kaɗan. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, cikin jarka mai lita 25 kilo 25 ke nan, ga shi kuma nauyi ne mai yawo, duk inda jirgi ya karkata can yake gangarawa ya ƙara danne shi. Saboda haka a sa mutum guda da ƙwarya ko bokiti, ba shi da wani aiki sai kwasa.

In inji ya mutu, a yi maza a juya goshin jirgi wajen iska da filafili. In an ɗaura bokiti da igiya mai ƙarfi a goshi aka jefa shi ruwa, zai riƙe jirgi yana fuskantar taguwa har a gyara. In kuwa ƙaddara ta sa jirgi ya kife bai nutse ba, a riƙe jikinsa, kada a ce za a yi iyo zuwa gaɓa. Gaɓa takan yi kamar kusa, alhali da nisa.

Abin da ake roƙon hakimai

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda babban ofishinta yake Lakwaja, ta hana tafiyar dare a ruwa, ta kuma wajabta sa rigar ruwa. Amma ma'aikatanta ba za su iya tsayawa a kowane mashigi ba. Idon hakimi da na dagaci su ne a kusa. Ga abin da ya kamata a yi:

1. Malamin hakimi ya rubuta kowane jirgin fito da ke gundumar, da mai shi, da yawan mutanen da zai iya ɗauka. A rubuta adadin da fenti a jikin jirgin.
2. Sarkin ruwa ko wani dattijo ya tsaya a mashigi ran kasuwa, da ranakun Sallah da Maulidi da biki, ya ƙidaya masu shiga. Yaro ma mutum ne, a ƙidaya shi.
3. Kowane jirgi ya kasance da filafili biyu, da bokiti, da igiya, da rigar ruwa ta kowane mai shiga.
4. In inji yana da igiyar nan da ake ɗaura wa matuƙi, wadda take kashe shi in matuƙi ya faɗa ruwa, a tabbata ana ɗaura ta.
5. A kafa alama inda kututturan itatuwa suke a nutse, tun da rani sa'ad da ruwa ya ja baya aka gan su.
6. In hadari ya haɗo a gabas, ko rana ta faɗi, a ɗaure jirage, ko wane ne yake gaggawa.

Wannan na ƙarshe shi ya fi wuyar tsayarwa, domin mai jirgi yana son kuɗin fito, matafiyi yana son gida. Amma in umarni ya fito daga bakin hakimi, matuƙi ya sami abin da zai dogara da shi ya ce a'a. Hadarin damina ba ya daɗewa, in an yi haƙuri kaɗan sai ruwa ya kwanta a haye lafiya. Magabata sun ce, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Allah ya kiyaye mu, ya ƙara wa ƙasar Daura lafiya da zaman lafiya, amin.