Babur ɗin hawan duwatsu: Inda ake rage masa nauyi da inda ba a taɓawa

Idan kana yawan leƙa TikTok ko YouTube, da wuya ba ka taɓa cin karo da bidiyon wani matashi a tsaye kan babur yana ɗare dutsen da ya fi shi tsayi ba. Sunan wasan tirayal. Ba gudu ake yi ba. Abin da ake so shi ne ka tsallake duwatsu da ramuka ƙafarka ba ta taɓa ƙasa ba. Ka dafa ƙasa sau ɗaya, an rubuta maka maki 1, ka faɗi kuma maki 5. Mai ƙarancin maki shi ke cin gasa. Toni Bou ɗan ƙasar Sifaniya, mai hawan Montesa, tun 2007 yake lashe kambun duniya shekara bayan shekara.

Irin wannan babur tun daga kamfani ba shi da jiki. Nauyinsa wajen kilo 70 ne, babu wurin zama, tankinsa kuma bai wuce lita 3 ba. Duk da haka masu wasan na ƙara rage masa, domin da ƙarfin jiki ake ɗaga shi a tsallake da shi.

Hanya mafi sauƙi ba ta cin ko sisi: kada ka cika tanki idan atisayen awa ɗaya za ka yi. Kowace lita ta fetur ta kai kusan giram 750. Sai a cire fitila da wayoyinta idan a fili ake wasa.

Daga nan sai aljihu ya shigo. Ana sauya kusoshi da notinan ƙarfe da na titaniyam, wanda ya fi ƙarfe rashin nauyi da kusan kashi 40 cikin ɗari, amma fa tsadarsa ba wasa. Idan kuɗin kaɗan ne, a fara da ƙafafun babur. Nauyin da ke jikin taya da abin da ke juyawa tare da ita ya fi damun mahayi, saboda shi ne shokozoba ke fama da shi a kowane tsalle.

Sai dai ba kowane nauyi ne abokin gaba ba. A cikin injin akwai faifan ƙarfe mai juyawa wanda ke daidaita bugunsa. Mahaya da yawa ƙara masa nauyi suke yi, don kada injin ya mutu a tsakiyar dutse ko taya ta riƙa zamewa a laka. Haka farantin da ke ƙarƙashin injin: ka cire shi don neman sauƙi, dutse ɗaya ya ishe ka sayen sabon inji.

Birki da ƙashin babur kuwa, ka bar su yadda suke. Mai huda su don ya rage giram 200, ranar da suka tsage a sama, garin neman gira ne ya rasa ido.

Kafin ka kai wa bakanike, ɗora babur a sikeli ka rubuta nauyinsa. Sauya abu ɗaya, ka hau ka ji bambanci, sannan ka matsa gaba. Kuma ka sa hular kwano, a fili ake wannan wasa ba a kan titi ba.