Ɗan daba a gajeren labari: suna biyu, nadama a ɓoye

Duk wanda ya san 'yan daba na Kano ko samarin "palais" na Damagaram, waɗanda Aïcha Macky ta nuna a fim ɗinta Zinder a 2021, ya san da wuya a kira ɗan ƙungiya da sunan yanka. Laƙabi ne ke tashe. Marubuta sun gano cewa a tsakanin sunayen nan biyu labarin yake.

Dubi "Bayan Layi" na Elnathan John, gajeren labarin Turanci da ya kai zagayen ƙarshe na gasar Caine a 2013, ya kuma zama babin farko na littafinsa Born on a Tuesday. Mai ba da labarin almajiri ne da ya gama karatu bai koma gida ba, yana kwana a gindin kuka tare da yaran da ke alfahari da kisa. Sunansa Ahmad, amma Ɗantala kowa ke kiransa. 'Yan siyasa suka ba su kuɗi, zaɓe ya rikice, suka kunna wa ofishin abokan hamayya wuta, shi ma ya sa hannu a jini. Aka harbe ubangidansa Banda, Ɗantala ya tsere.

Gwanintar marubucin ita ce bai sa yaron ya zauna yana kukan da-na-sani ba. Da abin ya taso masa sai ya jingina shi ga ƙaddara, kamar yadda mu ma kan yi. Mai karatu ne ke jin nauyin da yaron ya kasa faɗa. Malaman adabi, daga Filinge har Zariya, ku karanta wa ɗalibanku labarin.