Wace Kimiyya Za a Fara da Ita? Zaɓin Iyayen da Ke Karantar da 'Ya'yansu a Gida a Amurka

Shirinmu na musamman na yau Amurka zai kai mu, cikin gidajen da iyaye suka ɗauke wa makaranta aikinta, suna karantar da 'ya'yansu da kansu.

Tun 1993 doka ta amince da wannan tsari a dukkan jihohi 50 na ƙasar, annobar korona kuma ta ƙara yaɗa shi. Wani binciken hukumar ƙidayar jama'a ta Amurka ya nuna cewa a cikin gidajen da ke da yara 'yan makaranta, masu karatu a gida sun tashi daga kashi 5.4 cikin 100 a watan Afrilun 2020 zuwa kashi 11.1 kafin shekarar ta ƙare.

Karatun firamare ba ya hana waɗannan iyaye barci. Hankali yana tashi ne ranar da yaro ya kai shekara 14, zai shiga aji tara, wato farkon babbar sakandare. A Najeriya ɗalibin ɓangaren kimiyya yakan haɗa bayoloji da kemistiri da fiziks ya yi ta tafiya da su tare har shekara uku. A Amurka ɗaya bayan ɗaya ake ɗaukarsu, kowanne da shekararsa, don haka wanda aka fara da shi ne ke tsara inda sauran za su zauna. Daga aji tara ne kuma ake fara cike takardar sakamakon da jami'a za ta duba, a gida kuwa uwa ko uba ne za su rubuta ta, su sa mata hannu.

Abin da aka gada shi ne bayoloji a farko, sai kemistiri, fiziks ya zo a ƙarshe. Hujjar ita ce bayoloji ba ya neman lissafi mai yawa. Leon Lederman, wanda ya samu kyautar Nobel a fiziks a 1988, kuma ya taɓa shugabantar cibiyar bincike ta Fermilab, ya shafe shekaru yana cewa an juya abin baibai. A ganinsa, bayolojin da aka sa a gaba shi ne na da, na haddace sunayen ganye da gaɓoɓin dabbobi. Tun da aka gano sigar DNA a 1953 fannin ya koma magana a kan sinadaran da ke cikin ƙwayar halitta. Yaron da bai san kemistiri ba, ta yaya zai gane yadda ganye ke sarrafa hasken rana ya zama abinci? Kemistirin ma a kan fiziks yake tsaye. Sai ya ce a fara da fiziks.

Maganarsa tana da nauyi, amma da makarantun gwamnati na birnin San Diego suka wajabta tsarin a 2001, bai zauna ba, a 2006 aka janye shi. Cikin ƙorafin da aka yi har da cewa yara da yawa sun iso aji tara lissafinsu bai nuna ba.

A nan ne nake ganin mai karantarwa a gida ya fi babbar makaranta sa'a. Ita makaranta dole ta yanke hukunci guda a kan dubban yara. Uwa kuwa ɗanta ɗaya ne a gabanta, ta san inda yake tuntuɓe. Don haka kafin ta tambayi maƙwabta wane littafi suka saya, ta buɗe littafin lissafin yaronta. In ya gama aljabara ta farko, yana iya juya ƙa'idar lissafi ya fitar da abin da ba a sani ba, yana karanta zanen jadawali ba tare da an riƙe masa hannu ba, to ƙofar fiziks a buɗe take. Akwai ma littafin Paul Hewitt mai suna Conceptual Physics, wanda ya fara fitowa a 1971, da ya fifita fahimta a kan dogon lissafi. In kuwa aljabarar yanzu ake cikinta, a ba shi bayoloji ko kimiyyar ƙasa da sararin samaniya, lissafin ya ci gaba da nuna a gefe. Babu abin kunya a ciki. Wanda nake roƙon a guje wa shi ne kemistiri kafin aljabara, domin rabin darasin awo ne da daidaita ma'auni, yaron da aka jefa ciki da wuri yakan fito yana cewa shi ba shi da kan kimiyya, alhali lokaci ne kawai bai yi ba.

To a ce an zaɓi fanni. Saura babban aiki, wato gwaji da hannu. Jami'ar Kalifoniya tana neman aƙalla shekara biyu na kimiyya mai ɗakin gwaje-gwaje, ta kuma fi son uku, jami'o'i da dama ma haka suke. Ina gida zai samo ɗakin gwaji?

Madafa ta isa a fara. Ana ɓare siririyar fatar albasa, a ɗiga mata aidin, a sa ta ƙarƙashin madubin ganin ƙananan halittu, sai ga ƙwayoyin halitta a jere kamar tubalin gini. Ana tafasa jan kabeji, ruwansa ya zama ma'auni: a zuba masa ruwan lemon tsami ya koma ja, a zuba masa bakin soda ya koma shuɗi-shuɗi ko kore. Ana dama ayaba da gishiri da sabulun wanke kwanuka, a tace, a tsiyaya sinadarin alkohol mai sanyi a kai, zaren DNA ya taso fari ana kallonsa da ido. Dutse ɗaure da zare yana lilo, da agogon waya, sun isa yaro ya auna ƙarfin da ƙasa ke janyo abubuwa da shi, ya samu adadi kusa da 9.8. Kusa na ce, domin da wuya ya faɗa daidai, kuma darasin yana cikin wannan 'yar tazarar. Me ya jawo ta? Zaren ne ba a auna da kyau ba, ko yatsa ne ya makara wajen danna agogo? Yaron da ya zauna ya rubuta abin da ya zata, da abin da ya gani, da dalilin saɓanin, ya yi kimiyya ta gaske. Wannan littafin rubutun gwajin a adana shi da kyau, shi ne shaidar da za a nuna in jami'a ta tambaya.

Masu sauraro da suka rubuta jarrabawar WAEC daga wajen makaranta sun san takardar da ake ba su a madadin gwajin hannu, inda ake amsa tambayar gwaji a kan takarda. Sun kuma san bambancin wanda ya taɓa riƙe kwalbar gwaji da wanda a zane kawai ya gan ta. Shi ya sa nake ɗaukar manhajar PhET, wadda Carl Wieman ya kafa a Jami'ar Colorado a 2002, a matsayin mataimakiya kawai. Kyauta ce, tana nuna gwaji a kwamfuta da kyau, amma a allo ba abin da ke zubewa, hannu kuma ba ya koyon taka-tsantsan. Gwajin da ya fi ƙarfin gida, iyalai sukan haɗa kuɗi su ɗauko malami sau ɗaya a mako, ko in yaro ya ƙara girma a sa shi a kwalejin yankinsu ya yi darasin a can.

Sai batun littafi. Kamfanin Apologia, wanda ya yi suna a tsakanin masu karatu a gida, yana rubuta bayoloji ne bisa aƙidar Kiristanci game da halitta, littafin Miller da Levine kuwa yana bin abin da ake koyarwa a makarantun gwamnati. A 2008 wata kotun tarayya ta tabbatar wa Jami'ar Kalifoniya ikon ƙin amincewa da wasu darussan wata makarantar Kirista da aka gina a kan littattafan addini irin na kamfanonin BJU Press da A Beka. Iyali Musulmi ne ko Kirista, su karanta littafin da idonsu kafin su biya kuɗi, su san abin da ya faɗa da abin da ya tsallake. Wanda aljihunsa bai kai ba, Jami'ar Rice tana ba da littattafan OpenStax kyauta a intanet.

Dokar jiha ma a duba ta, domin ba ɗaya ba ce. Teksas ba ta neman rahoto daga iyaye, New York kuwa tana son tsarin karatu a rubuce da rahoto sau huɗu a shekara. Tun da aka soke jarrabawar SAT ta fanni-fanni a 2021, ɗalibin gida ya rasa hanya guda ta nuna cewa makin da mahaifiyarsa ta ba shi ba na son kai ba ne. Jarrabawar AP, ita ma ta fanni-fanni, tana nan, a watan Mayu ake yin ta, sai dai ba a rubuta ta a gida. Dole iyaye su nemi makarantar da za ta karɓi ɗansu ya zauna tare da ɗalibanta, ba kowace ce ke yarda ba, rajista kuma a watan Nuwamba ake rufe ta. Wanda yake so, tun farkon Satumba zai fara buga waya.