Wa ke yanka kuɗin fito a Amurka?

Duk wanda ya ji an ce shugaban Amurka ya ƙara kuɗin fito a kan kayan wata ƙasa zai ɗauka ikonsa ne tun asali. Alhali kundin tsarin mulkin Amurka Majalisa ya damƙa wa wannan iko. Abin da ke hannun shugaban aro ne.

Yadda aka kai ga aron shi ne abin lura. A 1930 Majalisa ta yi dokar Smoot-Hawley, inda wakilai suka yi ta cinikin ba ni gishiri in ba ka manda. Wakilin manoma ya goyi bayan harajin da zai kare masana'antar wani, shi kuma ya rama masa a kan sukari ko ulu. Kafin a ankara, kaya sama da 20,000 sun shiga. Masana tattalin arziki fiye da 1,000 suka roƙi Shugaba Hoover kada ya sa hannu, ya ƙi ji. Kanada da wasu ƙasashe suka yi ramuwar gayya, cinikin duniya ya ƙara durƙushewa.

Ganin wannan ɓarna, a 1934 Majalisa ta ba Shugaba Roosevelt damar ƙulla yarjejeniya da ƙasashe, ya rage haraji har da kashi 50 cikin ɗari. Dokokin 1962 da 1974 suka ƙara faɗaɗa masa hannu. Da ta 1962 ɗin Donald Trump ya dogara a 2018, ya ɗora kashi 25 a kan ƙarfe da sunan tsaron ƙasa.

Abin da ya fi damuna shi ne wuyar karɓo wannan aro. Idan Majalisa ta yi dokar janye ikon, shugaba zai iya hawa kujerar na ƙi, kuma sai an samu kashi biyu cikin uku a majalisun wakilai da dattawa kafin a rinjaye shi. Wakilan jam'iyyarsa kuwa ba kasafai suke juya masa baya ba.

Duk da haka akwai abin da Majalisa ta riƙe. Shirin AGOA na shekarar 2000, wanda ya ba Najeriya da wasu ƙasashen Afirka damar shigar da dubban kayayyaki ba tare da fito ba, dokarta ne. Duk lokacin da wa'adinsa ya matso, mai ɗinkin wando a masana'antun Lesotho ƙuri'ar 'yan majalisar Amurka yake jira.